Kama da wane ba ta wane: gwajin jini ma yana neman shaida biyu

Duk wanda ya taɓa karɓo takardar gwaji daga lab ya san yadda muke yi da ita: abin da ta faɗa ya zauna, ba musu. To amma akwai inda takardar ke rantsuwa a kan abin da ba ta gani da kyau ba. Maganar da nake so mu yi ke nan yau, musamman da ku 'yan uwa masu karatun lab da bayokemistiri.

Ɗauki mai ciwon dajin tairod, halittar nan ta wuya da idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Bayan an cire ta, likita kan riƙa auna wani furotin mai suna tairogulobulin a jininsa. Idan babu, madalla. Idan ya fara hawa, alama ce ciwon ya dawo. Gwajin da aka saba yana amfani da antibodi, wani sinadari da ke gane furotin guda ya cafke shi. Matsalar ita ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na masu wannan ciwo, jikinsu da kansa yana ƙera nasa antibodi da ke lulluɓe furotin ɗin. Sai na lab ya zo ya rasa wurin kamawa, takarda ta fito da ɗan adadi ƙanƙane, a ce wa mutum ya tafi gida lafiya lau.

A 2008 Andrew Hoofnagle da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke Siyatil suka nuna wata mafita, bisa dabarar da Leigh Anderson ya wallafa a 2004 da sunan SISCAPA. Da farko a zuba tirifsin, sinadarin da ke daddatsa furotin, ya yi gunduwa-gunduwa da komai, har da mai lulluɓin. Sannan a sa antibodin lab ya tsamo guntu ɗaya da aka san na tairogulobulin ne. Daga nan a miƙa wa mas-sifektiromita, na'urar da ke auna nauyin ƙwayar sinadari, ta farfasa guntun ta karanta jerin amino asid ɗinsa. An riga an zuba tagwayen guntun da aka ɗan ƙara wa nauyi, wanda aka san adadinsa, da shi ake kwatanta yawan na majiyyaci. Wani ya kamo, wani daban ya duba fuska.

Za ka ce, in na'urar ta iya karatu haka, me ya kawo antibodi? Ai jinin ne ba shi da adalci. Albumin shi kaɗai ya cinye kusan rabin furotin da ke ruwan jini, kuma tsakaninsa da ƙananan da likita ke farauta akwai ratar da ta kai ninki biliyan goma. Kamar a ce ka nemo ƙwayar gero guda a cikin tirelolin masara. In ba a tsamo mata ba, na'urar masara za ta yi ta aunawa har dare.

Yanzu harkar ta wuce furotin ɗaya. Ana manna antibodi iri-iri a jikin 'yan ƙananan duwatsun maganaɗisu, a kamo gomman furotin daga ɗigon jini guda, a yi wa ɗaruruwan mutane. Ba zan yi muku daɗin baki ba: akwai tsada, ƙera antibodi mai kyau na cin watanni, na'urar ba ta shiri da wutar da ke zuwa tana tafiya, kuma ko a tairogulobulin ɗin takan kasa ganin ɗan mitsitsin adadi. Hanyoyin da suka tsaya ga antibodi kaɗai sun fi ta sauri nesa ba kusa ba. A 2023 aikin UK Biobank na Birtaniya ya fitar da awon furotin kusan 3,000 a jinin mutum sama da 54,000 ta irin wannan hanya.

Nan ne fa abin ya dame ni. Mafi yawan waɗancan mutane Turawa ne. Antibodi siffa yake ganewa, kuma canjin amino asid ɗaya da mutum ya gada na iya sauya wurin da yake kamawa, awo ya nuna furotin ya ragu alhali yana nan daram. Masana sun san da wannan. An kuma san babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado. Mu ai ba sai an yi mana lacca ba, sikila canjin amino asid ɗaya ce tak a cikin himogulobin, kuma kun ga abin da take yi a gidajenmu. Don haka gwajin da aka daidaita da jinin wasu, sai an tantance shi a kan namu kafin in yarda da shi ido rufe. Na'urar awon nauyi tana iya nuna cewa guntun ya canza, abin da antibodi shi kaɗai ba zai faɗa maka ba.

Shi ya sa nake jin haushi in ɗalibi ya ce wannan karatun na Turawa ne, mu a bar mu da gwajin maleriya. An nuna dabarar tana aiki da ɗigon jinin da aka busar a kan takarda, wanda za a iya aikawa da shi nesa. Kenan ba kowane asibiti ne sai ya mallaki na'urar ba, cibiya ɗaya mai tsayayyar wuta za ta iya ɗaukar jihohi. Fassara sakamakon kuma aikin kwamfuta ne, kuma akwai rumbun PRIDE a intanet da masu bincike ke zuba ɗanyen awonsu, kowa ya sauke kyauta. Mai neman batun furojet na ajin ƙarshe, ka sauke guda ɗaya a wannan hutun, ka fara duba jinin su wa aka auna.