Zauren 'Yan Mata: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Cikin wasiƙun wannan wata akwai biyu masu magana iri ɗaya, ɗaya daga Boɗinga ɗaya daga Shagari. Dukkansu sun ci JAMB, sun samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Masha Allah, ina taya ku murna! Tambayarsu ita ce, kwas nawa ya kamata su yi wa rajista a zangon farko? Ta Shagari ma cewa ta yi so take ta cika takardarta fam don ta gama da wuri, wai saurayinta ya gaji da jira.

To ƙanwata, zauna ki ji. Na tuntuɓi yayyenmu da suka shiga suka fito, ga abin da na samo muku.

A jami'a ba yawan kwas ake ƙirgawa ba, yunit ake ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne awa ɗaya ta lakca a kowane mako har ƙarshen zango. Ƙa'idar hukumar jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ita ce kada ɗalibi ya yi ƙasa da yunit 15 a zango, kada kuma ya wuce 24. Yawancin kwasa-kwasan aji ɗaya dole ne, sashenki ya riga ya tsara su, har da na GST da kowa ke yi. Waɗannan ba ki da ta cewa a kansu. Inda ake ba ki zaɓi, nan ne kwaɗayi yake shigowa, shi kuwa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Bari mu yi lissafi. Maki 70 zuwa sama A ne, yana da lamba 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, lamba 4. Faɗuwa kuwa F ce, sifili. A ce 'yan mata biyu ne ƙoƙarinsu ɗaya. Ta farko ta ɗauki yunit 18 ta samu B a duka, GPA ɗinta 4.00 ke nan. Ta biyu ta ɗauki 24, ta samu B a yunit 18, amma kaya suka yi mata yawa ta faɗi kwas biyu masu yunit 3 kowanne. Jimillarta 72 a raba gida 24, ta tashi da 3.00. Kun gani ko? Abin da suka ci ɗaya ne, amma ta farko tana layin digiri mai daraja ta biyu babba, wanda ke farawa daga 3.50, ta biyun ta zame ƙasa. Ga kuma kwas biyun nan sun zama kari-oba, za su bi ta aji biyu su hau kan sababbin darussa. Wadda ta so gamawa da wuri tana iya ƙara shekara.

Sannan ki sani, cika yunit ba ya rage shekarun digiri. Karatun shekara 4 shekara 4 ne. In saurayin nan na kirki ne zai jira, ko iyaye su zauna a ɗaura aure ki ci gaba daga ɗakinki. Wanda ba zai iya haƙurin karatunki ba, anya zai iya haƙurin zama da ke?

Ke kuma ta Boɗinga da kika ce daga gida za ki riƙa zuwa, ki sa hanya cikin lissafi. Mazaunin jami'ar na dindindin yana wajen Dundaye ne, sai kin shigo Sakkwato kin ratsa gari sannan ki nemi wata motar. Lakcar ƙarfe 8 na safe ba ta jiran kowa, kuma ƙa'ida sai kin halarci kashi 75 cikin 100 kafin a bar ki ki zauna jarrabawa. In gida sun amince, ki nemi ɗakin kwanan ɗalibai. In ba hali, to kada ki ƙara kwas ɗin zaɓi mai lakcar yamma lis. Matar aure mai goyo ko mai girki, wannan maganar ta fi shafarki.

Kafin ki sa hannu a takardar rajista, ki je wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajinku ya duba miki. Ki tambayi 'yan aji biyu wane kwas ne mai nauyi. Ki duba jadawali kada lakca biyu su haɗu a lokaci ɗaya. In kin ga kin ɗebo da yawa, akwai ɗan lokacin da ake bayarwa na ajiye kwas, ki tambayi ranar rufewa. Kada ki bi ƙawa ido rufe, ba kai ɗaya gare ku ba.

Ƙasarku ƙasar ilimi ce. Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna a Boɗinga, Shehu ya zauna a Sifawa, Alhaji Shehu Shagari kuma malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. A karatun zaure ma ai sai an sauke littafi ake ɗaukar wani. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba ku ilimi mai albarka da mazaje nagari, amin. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.