Hoton Wanda Ba a Taɓa Gani Ba

A watan Yuni na 1884, a wani ɗakin zane da ke Landan, wani Bajamushe mai suna Hermann Schmiechen ya tsaya gaban allonsa zai zana mutumin da bai taɓa sa wa ido ba. Ba ƙaramin mai zane ba ne, manyan Ingila ne ke zuwa su zauna masa ya fitar da kamanninsu. Amma a wannan aikin babu wanda ya zauna masa. Sai 'yan kallo da suka yi tsit, da wata 'yar Rasha mai jiki tana zaune tana zuƙar taba. Ita ce Helena Blavatsky. Wata Ba'amurkiya da ke wurin, Laura Holloway, ta ba da labari bayan shekaru cewa Blavatsky na yi wa mai zanen gyara daga inda take zaune, tana ce masa ya kula kada ya kewaye fuskar da yawa, ya ɗan ƙara mata tsawo. Holloway ta ce ita ma da idonta ta ga mai hoton tsaye kusa da Schmiechen.

Daga wannan ɗaki hotuna biyu suka fito, kuma yau sama da shekara 140 ana jayayya a kansu. Ɗaya na wani ne da ake kira Morya, mai farin rawani da baƙin gemu da idanu masu kaifi. Ɗayan na Koot Hoomi ne, mai hular gashi da dogon gashi. Su ne Blavatsky ta ce malamanta na ɓoye, masu zama a tsaunukan Tibet, waɗanda suka umarce ta da kafa ƙungiyar Tiyosofi. Ita da Kanar Henry Olcott da William Judge suka kafa ta a New York a 1875, daga baya hedikwatar ta koma Adyar, kusa da Madras a Indiya, a 1882. Mabiya na kiran waɗannan malamai Mahatma. Ba sa zuwa taro, ba sa karɓar baƙi, sai dai wasiƙunsu su iso: wani lokaci a cikin wata 'yar kabad da ke Adyar, wani lokaci su faɗo daga sama. Wasiƙun da wani ɗan jarida Bature, A. P. Sinnett, ya karɓa suna nan a ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya.

Mu da muka tashi a cikin al'adar karatun hadisi muna da tambayar da ta fi kowace kaifi a irin wannan wuri: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? To mu bi isnadin hoton Morya. Schmiechen bai ga Morya ba. An ba shi kwafin wani zane ne na gefen fuska, shi kuma ya juyo da ita gaba. Wancan zanen na wani Bafaranshe ne, Harrisse, wanda ya yi shi a New York a 1878. Shi ma bai ga Morya ba. Olcott da kansa ya rubuta cewa ya sayo takarda da allin zane, aka roƙi Harrisse ya zana kan wani basaraken Indiya yadda ya raya a ransa, Blavatsky kuma ta ce ita ce ta jefa masa siffar ta hanyar tunani. Wa ya tabbatar da cewa zanen ya yi kama? Blavatsky, da kuma Olcott, wanda ya ce Morya ya taɓa bayyana masa a ɗakinsa da dare har ya bar masa rawaninsa don shaida. Wato waɗanda suka sa a yi aikin su ne shaidun aikin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasu mabiya a Bombay da suka ce sun hango Morya da dare, da suka zo bayyana yadda suka gane shi, sai suka ce ai ya yi kama da hoton da ke wurin Olcott. Hoto na gaskata mutum, mutum na gaskata hoto, ana ta zagaye wuri guda.

Fentin Schmiechen bai gama bushewa ba rigima ta ɓarke a Indiya. Wasu mata da miji da ke aiki a gidan Adyar, Emma da Alexis Coulomb, an sallame su a watan Mayun 1884, a watan Satumba kuma wata mujallar 'yan mishan ta Madras ta buga wasiƙun da suka ce Blavatsky ce ta rubuto musu tana tsara yadda za a shirya abubuwan al'ajabi. Emma ta ce ita ta haɗa wani mutum-mutumi na Koot Hoomi da ake ɗorawa a kafaɗa a wuce da shi cikin farin wata. Ƙungiyar binciken al'amuran ruhi ta Landan ta tura wani matashi, Richard Hodgson. Rahotonsa na 1885 ya ce kabad ɗin nan na da ƙofar ɓoye ta baya, wasiƙun kuma rubutun hannun Blavatsky ne da na wani almajirinta, ya kuma sa ta a sahun gaba na 'yan damfarar tarihi. Kafin wannan ma, a 1883, wani Ba'amurke, Henry Kiddle, ya karanta wata wasiƙar Koot Hoomi a littafin Sinnett, sai ya ci karo da kalaman laccar da shi kansa ya yi a 1880, kusan kalma da kalma. Malamin Tibet yana kwafar lacca daga Amurka!

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. A 1986 wani masanin gano jabun takardu, Vernon Harrison, ya sake duba wasiƙun ya ce aikin Hodgson cike yake da son zuciya, kuma Hodgson bai tabbatar da cewa hannun Blavatsky ne ya rubuta su ba. Mabiya sun yi ta murna, suna da hujjar yin haka. Sai dai Harrison bai ce ya gano Morya ba. Rushewar hujjar mai ƙara ba ta haifar da mutumin da ake nema. A 1994 wani marubuci, K. Paul Johnson, ya bi ta tsakiya: ya ce akwai mutanen gaske a bayan sunayen, yana ganin Morya ya samo asali daga Ranbir Singh, sarkin Kashmir, Koot Hoomi kuma daga wani jagoran Sikh, Thakar Singh Sandhanwalia. Da yawa daga 'yan Tiyosofi ba su yarda ba. Ko da an yarda, hoton bai tsira ba, domin Schmiechen bai zana ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ni abin da nake gani a hoton Koot Hoomi shi ne Schmiechen. An ce mutumin ɗan Kashmir ne, amma duk wanda ya taɓa ganin hotunan da Turawa ke ratayewa a coci da sunan Annabi Isa, Alaihis Salam, zai gane inda aka ɗauko dogon gashin nan da taushin idon nan. Masu nazari da dama sun lura da haka. Ba sai an zargi mai zanen da ƙarya ba. An ce wa Bature na ƙarni na 19 ya zana fuskar tsarki da hikima, ya zana wadda ya sani.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Me ya sa ƙungiyar da ke cewa gaskiya tana can bayan abin da ido ke gani ta damu da hoto haka? Saboda gani ya kori ji. Malamin da babu fuskarsa labari ne, kowa na iya musantawa. Da zarar an rataye hotonsa a bango, an kunna turare a gabansa, ya zama mai gida. Hotunan asali an kai su Adyar, an kuma daɗe ana ɗaukar kwafinsu abin alfarma na 'yan ciki, musamman bayan Blavatsky ta kafa sashen asiri na ƙungiyar a 1888. Wanda hoton ke hannunsa shi ke da bakin magana da sunan mai hoton. Shi ya sa bayan rasuwarta a 1891 faɗan da ya raba ƙungiyar ya kasance a kan wa malaman ke rubuta wa wasiƙa yanzu. An zargi Judge da ƙirƙirar saƙonni da sunansu, a 1895 kuma ya ɓalle da yawancin reshen Amurka.

Mutumin da babu wanda zai iya kawo shi ba ya ƙaryata kowa, don haka kowa ya ɗauka. Wasu mata da miji, Nicholas da Helena Roerich, sun ce Morya ne ke yi musu shifta. Mark Prophet, wanda ya kafa tasa ƙungiyar a Amurka a 1958, ya ce Morya, wanda yake kira El Morya, shi ya aiko shi, fuskokin Schmiechen kuma suka bi shi can. Wani kuma, Guy Ballard, ya ce a 1930 ya haɗu da wani malamin ɓoye, Saint Germain, a dutsen Shasta na Kalifoniya, wani mai zane, Charles Sindelar, ya fitar masa da hoto. Bayan mutuwar Ballard an gurfanar da matarsa da ɗansa kan damfara ta gidan waya, a 1944 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba aikin masu taya alƙali hukunci ba ne su yanke ko aƙidar addini gaskiya ce ko ƙarya. Hukunci ne mai ma'ana, ni ma ba na son alƙali ya zaɓa mini abin da zan yi imani da shi. Amma ya nuna cewa babu kotun da za ta tsare maka hankalinka a wannan fage. Ƙungiyar Eckankar, wadda Paul Twitchell ya kafa a 1965 kuma take da mabiya da yawa a Najeriya, ita ma tana da zanen Rebazar Tarzs, ɗan Tibet da suke cewa ya haura shekara 500 yana raye.

Yanzu bari in juyo gida, kuma kada wani ya ce na haɗa ɗariƙun Sufaye da ƙungiyoyin asirin Turawa. Shehunanmu mutane ne na tarihi: ga littattafansu, ga kaburburansu, ga zuriyarsu, ga salsalarsu. Matsalar a takardar da ake sayarwa take. Ka duba gilashin bayan mota, ko jikin adaidaita sahu, ko tiren mai sayar da sitika a bakin masallacin Juma'a, za ka ga fuska an rubuta Shehu Abdulƙadir Jilani ko Shehu Ahmadu Tijjani a ƙasa. Shehu Abdulƙadir ya rasu a Bagadaza a 1166. Shehu Tijjani ya rasu a Fas a 1815. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ake ta yaɗa wani dattijo mai rawani da sunansa a Facebook, ya rasu a 1817. Ɗaukar hoto da na'ura kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa. Lissafin ba ya buƙatar malami. Shehu Ibrahim Inyass, da ya rasu a 1975, hotunansa na gaske suna nan da yawa. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal an san shi da hoto guda na 1913, sanye da fararen kaya, rawani ya rufe masa rabin fuska. Waɗannan an san asalinsu.

Batun halasci ko haramcin hoto na bar wa malamai, su ke da fagen. Nawa batun na amana ne. Mai ƙaunar Shehu da ya san cewa abin da ke hannunsa zanen wani ne da ya raya a ransa, bai yaudari kowa ba. Wanda ya ce wa ɗan yaro wannan ita ce fuskar Shehu, ya jingina wa bawan Allah abin da ba nasa ba, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Schmiechen ya kwashe makonni yana fama da buroshi. Yau yaro da waya zai sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta fitar masa da fuskar kowane waliyyi kafin shayinsa ya huce, har da tsufan takarda da ɗigon ruwa don a ce tsohon hoto ne.

Don haka, mai karatu, idan irin wannan hoton ya shigo maka a WhatsApp da umarnin ka tura wa mutum goma, ka tambayi wanda ya turo maka: wa ya zana, a wace shekara, kuma ya taɓa ganin mai hoton? In ya kasa amsawa, ka yi wa Shehun addu'a, ka bar hoton a inda ka gan shi.