Labaran Maɗigo a Wayar 'Ya'yanmu da Ƙarancin Abin Karantawa



Akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a gidajenmu, daga Guéma da Zongo a Parakou har Djougou. 'Yan matanmu suna karanta labaran soyayya na Hausa a waya, kuma cikin abin da ke shigo musu ta WhatsApp da Wattpad har da labaran maɗigo, wato soyayyar mace da mace. Uwar da ta gano haka takan ƙwace wayar, wani lokaci ta haɗa da duka. A ganina wannan ba ya magani, kuma Kano ta riga mu gwadawa.

A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007 gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ya cinna wa tarin littattafan soyayya wuta a bainar jama'a, bisa hujjar suna ɓata tarbiyya. Marubuta ba su ajiye alƙalami ba. Da wayar hannu ta yawaita, rubutun da a da ake bugawa da sunan mai shi a bango sai ya koma inda babu mai tacewa, sau da yawa ma babu sunan gaskiya.

Hukuncin addini a kan maɗigo malamai sun bayyana shi, ba ni da abin ƙarawa. Amma littafi ba fatawa ba ne, kuma abin da ake kira labarin maɗigo iri biyu ne. Akwai batsa tsagwaronta, wadda ake yankawa shafi-shafi, a bar farkon kyauta, a ce sai an biya kafin a ga sauran. Mai wannan sana'a ba ruwansa da adabi, bai ma damu da matan da yake bayar da labarinsu ba. Kuɗi yake nema. Akwai kuma rubutun da ke ƙoƙarin nuna yadda mutum ke rayuwa da sirrin da zai iya halaka shi. Chinelo Okparanta ta fitar da Under the Udala Trees a 2015, labarin Ijeoma, 'yar ƙabilar Ibo, da Amina, Bahaushiya marainiya, waɗanda yaƙin Biyafara ya haɗa a gida ɗaya. Littafin ya fito shekara guda bayan Najeriya ta sa hannu a dokar 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya. Mai karatu yana iya ƙin matsayin marubuciyar gaba ɗaya, amma zai rufe littafin ya san irin tsoro da kaɗaicin da yarinya ke shiga idan babu wanda za ta faɗa wa damuwarta. Uwa ta fi kowa buƙatar wannan sanin.

Kada kuma mu manta, auren dole da wulaƙancin kishiya su ma a da abin kunya ne a rubuta su. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta su a Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, kuma na biyun har an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012.

Namu ciwon ya wuce na Kano. Yarinyar Parakou Faransanci take karantawa a makaranta, Dandanci take ji a kasuwar Arzèkè, Hausa kuwa sai a gida. Da yawa a waya suka koyi karanta Hausar boko, don haka duk abin da waya ta kawo shi ne adabinsu. Babu zaɓi, balle a yi maganar zaɓen na gari. Labaran kuma kusan duk a Kano da Kaduna da Abuja suke faruwa, da Alhaji mai jirgi zuwa Dubai. Ina labarin jikokin fataken goro da suka bi hanyar Nikki da Djougou zuwa Salaga suka yada zango a nan? Ina na Bahaushiyar da ta auri Babarbaren da ba ya jin yarenta, ko Bariba maƙwabcinta, ko ɗalibar Jami'ar Parakou da ke mafarki da Faransanci tana sallah da Larabci? Wanda bai ga kansa a littafi ba, duk fuskar da aka nuna masa zai tsaya kallo.

Don haka kafin a ƙwace waya, goggo ko yaya ta karɓa ta karanta babi biyu, ta gane wane iri ne, sannan ta tambayi yarinyar abin da ya ja ta gare shi, ba tare da zagi ba. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Kano sarin atamfa da turare su riƙa sako littattafan Balaraba, da na Bilkisu Funtuwa, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a cikin kaya. Masu alƙalami a cikinmu kuwa, labarin Zongo yana jiransu, kuma wannan shafi wurin fara shi ne.