Ciwon mara da rashin haihuwa: mu duba likita kafin zancen kishiya

A garuruwanmu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, in mace ta shekara uku ba ciki, sai mu fara zancen kishiya ko saki. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na fama da endometiriyosis: fata irin ta cikin mahaifa ce ke tsirowa a waje, tana zub da jini duk wata. Sinadarin ƙarfen jinin nan yakan taru a mara, ya kawo kumburi, ya raunana ƙwan haihuwa.

Ƙwayar ƙarin jini ta awon ciki ba ruwanta, kar a daina sha. Maigida, in al'ada na kwantar da matarka, kai ta likita, ko Maraɗi aka tura ku. Ku na waje, ku taimaka da kuɗin mota.