Na'ura Ba Ta San Ɗan Gidan Wane Ba

Gaisuwa ta musamman ga masu bibiyarmu daga Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, musamman 'yan aji shida da ke shirin rajistar jarrabawar fita. Maganarmu ta yau ta shafi ranar da za ku nemi aiki. Kada ku ce ranar tana da nisa, domin takardun da za a auna ku da su a ranar, yanzu ake rubuta su.

A zamanin iyayenmu, mai neman aiki ambulan yake cikawa da kwafin takardu ya kai ofis. Jami'i ya dube shi, ya dubi hoto, ya tambaye shi ɗan wane gida ne. In an ga ɗan bambanci a suna, sai dagaci ko shugaban makaranta ya shaide shi, magana ta wuce. Yau kuwa, in za a ɗauki 'yan sanda, sojoji, jami'an shige da fice ko na kashe gobara, ta intanet ake cike fom, kuma cikin abubuwan farko da shafin zai nema akwai lambar NIN. Kafin idon mutum ya ga takardunka, na'ura ta riga ta tantance ka.

To yaya abin yake aiki? Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ke ba kowane mutum lamba mai alƙaluma 11. A ƙarƙashin lambar akwai sunanka, ranar haihuwarka, hotonka da zanen yatsunka. Da ka shigar da ita, shafin ɗaukar aikin zai ɗauko bayananka daga rumbun NIMC, ya gwada da abin da ka rubuta da kuma sharuɗɗan aikin. Misali, kurtun ɗan sanda na gama-gari ana neman mai shekara 18 zuwa 25. In rumbu ya ce shekarunka 26, an rufe ƙofa, ko da fuskarka ta yaro ce. Su ma sakamakon jarrabawa ba a tsaya ga takarda ba: tun 2022 WAEC ta buɗe shafin takardar shaida ta zamani, inda mai ɗaukar aiki zai iya tabbatar da sakamakonka yana zaune a ofishinsa.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Birtaniya, tun watan Afrilun 2022 aka yarda masu ɗaukar aiki su tantance fasfon mai nema ta manhaja, a gwada hoton fasfo da fuskarsa a waya. Wanda ya ɗauki mutumin da ba shi da izinin aiki kuma, tarar za ta iya kaiwa fam 45,000 a karon farko. Duniya can ta nufa.

Tsarin yana da alherinsa. Yana toshe hanyar mai jabun takarda, da mai shiga tantancewa a madadin wani, da ma'aikatan bogi masu cin albashin da ya kamata a ɗauki matasa da shi. Amma na'ura ba ta da uzuri. Haruffa da alƙaluma take gwadawa, kuma a nan ne mu 'yan karkarar Arewa muka fi faɗawa rami.

Ku dubi yadda muke da sunaye. Muhammad ɗaya ne a bakinmu, amma a takarda akwai Muhammad, Mohammed, Muhammed, ga kuma Mamman da ake kiran sa a gida. A ce yarinya sunanta A'isha, mahaifinta Musa, kakanta Garba. A firamare an rubuta Aisha Musa. A sakandare, da aka sami masu suna iri ɗaya a aji, sai malami ya ƙara mata sunan gari, ta koma Aisha Musa Roni. Ranar yin NIN kuma yayanta ya ce a sa Aishatu Garba. Duk unguwa ta san yarinya ɗaya ce. Na'ura kuwa mutum uku ta gani.

Ranar haihuwa ma haka. Da yawanmu a gida aka haife mu, ba a karɓi takardar haihuwa ba, iyaye sun dai tuna cewa da kaka ne ko bayan Babbar Sallah. Sai mai shagon intanet ya zaɓa mana 1 ga Janairu, wani wurin kuma a sa wata ranar daban. Ga kuma masu rage shekaru da gangan don gudun wuce ƙa'idar aiki. Su tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya sa muke gaya muku tun yanzu shi ne, abin sarƙa ne. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma daga NIMC take ɗauko suna da ranar haihuwa. Sunan da JAMB ta ɗauka shi zai bi ka zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, daga nan zuwa bautar ƙasa. Sunan da makarantarku ta aika wa WAEC ko NECO kuma shi zai zauna a sakamakonka. In biyun suka saɓa, ranar neman aiki za su yi karo. Gyara yana yiwuwa, amma da tsada da jeka-ka-dawo: daga watan Mayun 2025, gyaran ranar haihuwa a NIMC ya haura naira 28,000, alhali rajistar farko kyauta ce.

Ga abin da muke ba ku shawara ku yi a wannan zangon:

1. Ku zauna da Baba ko Inna ku tsayar da suna ɗaya, da jerinsa, da yadda ake rubuta kowane harafi, da ranar haihuwa ɗaya. Ku rubuta a bangon littafi.

2. Ku jera takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, shaidar firamare, ta ƙaramar sakandare da takardar NIN, ku karanta su harafi-harafi. In da saɓani, ku kai wa malamin da ke kula da jarrabawa kafin a tura sunaye.

3. Wanda aka yi wa NIN yana ƙasa da shekara 16, ya koma ofis a sabunta bayanansa in ya cika. Wanda ya manta lambarsa ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi. Kada a sake yin wata; mutum ɗaya, lamba ɗaya.

4. A shagon intanet, kada ku bari a danna "tura" sai kun karanta da idonku. Ku yi amfani da layin wayarku, ba na mai shago ba.

5. NIN ba ta maye gurbin takardar shaidar ƙaramar hukuma, domin baƙon da ke zaune a ƙasa bisa ƙa'ida ma ana ba shi lamba. 'Yan Babura da ke bakin iyakar Nijar, masu dangi nan da can, ku kula da wannan.

6. Duk wanda ya ce ku turo NIN, BVN da kuɗi ta WhatsApp zai sama muku gurbin aiki, ɗan damfara ne. Fom ɗin aikin ɗan sanda da na soja kyauta ne.

Muna kuma roƙon shugabannin makarantu su liƙa jerin sunaye a allo kafin a tura, kowane ɗalibi ya duba nasa ya sa hannu. Hukumomi su ma su riƙa kai masu rajista ƙauyuka, don kada kuɗin mota da rashin sabis su zama su ne ke tantance ɗan talaka tun kafin na'ura ta gan shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da daddare ku ciro takardun nan daga akwatin Inna ku duba. Wanda ya ci karo da matsala ya rubuto mana, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Mu kwana nan.