Gadon Jariri: Don Wa Muke Saye?



Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai jego ranar suna ya san inda ido ke fara sauka. Ga gadon jariri can a kusurwa, an yi masa rumfa da leshi, an jera ƙananan matasai, ga 'yar tsana a gefe, ga bargo mai laushi. Mu yaba, a ɗauki hoto, a watse. Da dare ya yi kuwa, kayan barka ake zubawa a cikin gadon, jaririn ya koma katifar uwarsa, tsakaninta da bango. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikinmu don idon baƙi muke sayen gadon nan. Ra'ayinmu a yau shi ne lokaci ya yi da za mu riƙa sayensa don numfashin jaririn, kuma mu kwantar da shi a ciki.

Dalilin da ya sa muka ɗauki maganar da zafi shi ne jariri sabon haihuwa ba shi da ƙarfin wuya. Idan fuskarsa ta nutse a matashi, ko zani ya rufe masa hanci, ba zai iya ɗaga kai ya kauce ba, kuma sau da yawa ko kuka ba a ji. Ita kuma uwa ta sha wahalar naƙuda, ga wankan jego safe da yamma, ga tashin dare. Barcin da zai ɗauke ta mai nauyi ne, ba da son ranta ba. Idan muka ji labarin an wayi gari babu jariri, mukan ce kwanansa ne ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne. Amma Shi ɗin ne ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma sababin nan ba shi da tsada.

Wasu ƙasashe sun gwada sun gani. A Ingila a 1991, a Amurka kuma a 1994, an yi gangamin wayar da kan iyaye su riƙa kwantar da jarirai rigingine, a kan bayansu. Cikin 'yan shekaru mutuwar farat ɗaya da jarirai ke yi a cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa, amma a shimfiɗarsa daban, aƙalla watanni 6 na farko. Nan ne amfanin gadon da ake ajiyewa a gefen gadon uwa: tana jin motsinsa, tana miƙa hannu ta ɗauko shi ta ba shi mama, ta mayar da shi, ba sai ta tashi tsaye ba.

To in mun je saye, me za mu duba? Mu fara da katifa. Mu danna ta da tafin hannu. Idan hannun ya nutse ya bar gurbi, ba ta dace ba, komai kyanta. Ana son mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda ba ta tashi ta wajen kai ba. Sannan ta cika gadon tsaf. In yatsu fiye da biyu suna shiga tsakaninta da jikin gadon, wannan gurbin zai iya kama fuskar jariri. Idan gadon mai sanduna ne, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce santimita 6. Hanya mai sauƙi ita ce mu gwada da gwangwanin lemo, in ya wuce ta tsakani, jikin jariri ma zai iya zamewa kansa ya maƙale. Mu girgiza gadon mu ga ko yana rawa, mu shafa ko akwai ƙusa ko fenti mai ɓarewa.

Shi kuma gadon da ake sauke gefe ɗaya a haɗe shi da na uwa, yana da nasa sharuɗɗan. Dole ya zo da maɗaurin da ke ɗaure shi da babban gado, kuma ya manne sosai ba tare da rata ba. Mu tuna gadajenmu ba tsayinsu ɗaya ba: wata katifarta mai tudu ce, wata kuma a ƙasa take kwana. In tsayin bai daidaita yadda masu ƙera shi suka tsara ba, a ɗaga gefen a kulle, a bar shi tsaye da kansa kusa da uwa. Kada a cusa matashi ko zani a cike ratar, wannan maganin ya fi cutar haɗari. Kada kuma a bar gefen a rataye rabi da rabi, wuyan jariri zai iya sauka a kansa. Da zarar yaro ya fara juyi ko dafa hannu yana ɗagowa, wanda yakan faru wajen wata 5 zuwa 6, ƙaramin gadon ya gama aikinsa.

Sai abin da zai fi mana wuyar karɓa: gadon jariri fayau ake son sa. Katifa da zanin gado mai kama ta sosai, shi ke nan. Ba matashi, ba 'yar tsana, ba waɗannan tausasan katangu da ake ɗaurawa a jikin sanduna. Ƙananan gadajen soso masu naɗewa, masu zuwa da matashi da gidan sauro a haɗe, waɗanda suka zama kamar wajibi a kayan haihuwarmu, yawancinsu sun yi laushi da yawa a ce jariri ya kwana a ciki babu ido a kansa. Kada tsada ko zuwa daga waje su ruɗe mu. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye wani makwancin jarirai mai jingine, kusan guda miliyan 4.7, bayan an alaƙanta shi da mutuwar jarirai fiye da 30. A 2022 Amurka ta yi doka ta haramta sayar da irin waɗannan makwantai masu jingine da tausasan katangun gado. Abin da aka hana a can yana iya ɓullowa a gwanjo a nan, don haka mu buɗe ido.

Mun san abin da za a ce. Iyayenmu mata za su ce, "Mu a jikinmu muka rene ku, me ya same ku?" Ba za mu yi musu rashin kunya ba, don akwai gaskiya a maganarsu: kusanci da uwa yana taimaka wa shayarwa, yana kwantar da hankalin jariri. Sai dai da yawansu a kan tabarma ko gado mai tauri suka kwana, ba a kan irin katifun soso da tulin matasai da muke da su yanzu ba. Kuma waɗanda aka rasa ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Gadon gefe yana ba mu kusancin, yana rage mana haɗarin. Idan za a tafi wankan gida, a tafi da gadon, a zauna da Hajiya cikin ladabi a yi mata bayani tun kafin haihuwa.

Wasu kuma za su ce kuɗi, kuma a halin da ake ciki ba ƙarya suka yi ba. Amma lafiyar gado ba a farashinsa take ba. Ƙasar Finlan tun 1938 take bai wa masu haihuwa kayan jariri, kuma kwalin da kayan ke zuwa a ciki, da 'yar katifarsa, ya zama gadon farko na yara da yawa. Kafintan unguwa zai iya ƙera mana gado mai ƙwari in mun ba shi awo daidai, muka kuma yanka katifa daidai da shi. Kuɗin leshi da 'yar tsana ma ya isa ya rage wani abu.

Akwai kuma abubuwan da suka shafe mu musamman. Sauro ba wasa ba ne, dole gadon ya kasance cikin gidan sauro, a ɗaure shi sama, a cusa bakinsa sosai yadda ba zai sauko kan fuskar jariri ba. In ana hunturu, a sa masa kaya masu ɗumi daidai jikinsa maimakon a tula masa barguna, kuma a taɓa ƙirjinsa, in yana zufa a rage. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba a jin warinta, a fitar da shi kafin a kwanta. Hayaƙin taba da yawan turaren wuta ma a nisanta su da shi.

In dai ya zama dole uwa ta kwana da jaririnta a gado ɗaya, a kawar da matasai da bargo daga wajensa, a kwantar da shi rigingine, kada yayyensa su kwana kusa da shi. Amma a guji hakan gaba ɗaya idan bakwaini ne, ko an haife shi bai kai kilo 2.5 ba, ko uwar ta sha magani mai sa barci, ko akwai mai shan taba. Barci da jariri a kan kujerar falo kuwa ya fi duka haɗari.

Iyaye maza, ku ma da ku ake. Ku ne kuke fitar da kuɗin, to ku je ku danna katifar da hannunku. Mu kuma masu kai kayan barka, mu daina sayen matashin jariri.

A daren yau kowa ya leƙa makwancin jaririn gidansa, ya kwashe duk abin da ba katifa da zanin gado ba. Allah ya raya mana su, ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.