Kan Rago Kafin Kan Mutum

Akwai maganar da ta kama baki a tsakanin masu tsara harkar lafiya a ƙasashenmu: wai koyon fiɗar ƙwaƙwalwa ta hanyar kwaikwayo gata ne na ƙasashen Turai, ƙasar da ba ta gama sayen gadaje ba bai kamata ta sa baki ba. Likita, in ji su, a gefen malaminsa yake koyo, a jikin majinyaci. Da ji kamar hankali, amma maganar a juye take. Inda malamai suka yi ƙaranci, nan ne ya fi hatsari a bar hannun ɗalibi ya fara rawa a kan mai rai.

Masu wannan ra'ayi na'ura mai tsada suke hangowa, irin NeuroTouch da hukumar bincike ta Kanada ta ƙera, aka yi ta gwada ta a Jami'ar McGill: ɗalibi ya riƙe kayan aiki, ya ji taurin ƙari a yatsunsa, jinin ƙarya ya kwarara a allo. Na yarda ba ita ce buƙatar Babban Asibitin Zinder a yau ba, don ranar da ta lalace sai an jira mai gyara daga ƙetare. Sai dai ba da ita kaɗai ake horo ba, ko a can. Ana koyon huda ƙashi a kan tunkiya, ana koyon saisaita hannu da goge ɓawon ɗanyen ƙwai ba tare da an yaga fatar ciki ba, ana ɗinka jijiyoyin fiffiken kaza a ƙarƙashin madubin likita. Babu ko ɗaya da kasuwar Dole ta Zinder da mahautan gari za su gaza samarwa kullum. A wurin da ake gaggauta binne mamaci, kuma gawar koyo ba ta samuwa cikin sauƙi, samun waɗannan ba ƙaramin abu ba ne.

A duba taswira. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Zinder mutum sama da miliyan 3.5, fiye da kowace jiha a Nijar, kuma tsakaninta da Yamai akwai kusan kilomita 900. Ɗan kabu-kabu ya faɗi a Magarya ko Tanut, ya tashi yana magana, alhali jini na taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa. Awoyi kaɗan ne tsakaninsa da suma. Abin da zai cece shi ba sabon ilimi ba ne: a buɗe ƙashi, a kwashe jinin, a tsayar da jijiyar. Wanda zai yi masa kuwa shi ne likitan da ke kusa, ko ya taɓa riƙe abin huda ko bai taɓa ba.

Za a ce a jira ƙwararru. Wata cibiya a Rabat ta Maroko tana horar da su tun 2002, kuma an gode, amma wani nazari na 2018 ya ƙiyasta cewa duniya na da giɓin likitocin ƙwaƙwalwa kusan 23,000. Yaushe rabon gari irin Gure na jihar Zinder zai iso? Za a kuma ce guntun sani ya fi jahilci ɓarna. Wannan ita ce hujja mai nauyi, kuma Nijar ta riga ta amsa ta da kanta lokacin da ta horar da likitocin gama-gari su yi fiɗar haihuwa da ta ƙaba a asibitocin gundumomi. A Haydom ta Tanzaniya, Dilan Ellegala ya koya wa Emmanuel Mayegga, wanda a lokacin mataimakin likita ne, fiɗar kai. Sharaɗin da ya kamata mu sa a nan shi ne iyaka: aiki biyu ko uku na ceton rai, ƙarƙashin idon ƙwararre, ban da taɓa ƙari.

Gaskiya ne kan rago ba ya zubar da jini, ba ya kumbura, ba ya koya wa mutum lokacin da ya kamata ya ƙi yin fiɗa. Wannan sai a ɗakin tiyata, gefen malami. Shi ya sa bai kamata a ɓata wancan lokaci mai tsada wajen koyon riƙon kayan aiki ba. Tsangayar lafiya ta Jami'ar André Salifou da ke Zinder na iya ware ɗaki ɗaya, da abin huda, da tsohon madubi, da firji, ta kuma kafa doka: ba wanda zai huda kan mutum sai malami ya sa hannu cewa ya ga aikinsa a kan dabba, sau da yawa, ya gamsu.